Motocin bas na birni: sayen doki ba wuya, ina harawa?

Duk lokacin da magabata suka tuna da wahalar sufuri cikin birane, magani guda ne ke zo musu a rai: a sayo motocin bas. Akan jera su a fili, a wanke su tas, a ɗaura musu ƙyalle mai launin tutar ƙasa, a gayyato makaɗa da ƴan jarida, minista ko magajin gari ya yi jawabi, sa'an nan a hau ɗaya a zaga gari ana tafi. Bayan shekara biyu ko uku, wanda ya leƙa garejin kamfani sai ya tarar da wasu bisa duwatsu, an kwance wa wannan fitila an ɗaura wa waccan, an cire wa waccan batir an tayar da wata. An yi wannan wasa a Yamai, an yi shi a Wagadugu da Dakar, kuma in ba a sake tunani ba za a sake yinsa. Tambayar da ba a yi ranar biki ita ce ke kashe motocin: wa zai biya gazuwal a shekara ta uku, wa zai sayi taya, wa zai biya makanike, kuma daga wace jaka za a fidda kuɗin motar da za ta gaji wannan in ta tsufa?

Tarihin abin ba ɓoyayye ba ne. A zamanin da kuɗin uraniyom ke shigowa, kamfanin sufuri na ƙasa, SNTN, shi ke riƙe da motocin bas na cikin Yamai, a gefen babban aikinsa na dakon kaya da jigilar matafiya tsakanin garuruwa. Farashin uraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980, tsarin tsuke bakin aljihu na Bankin Duniya da FMI ya biyo baya, har ƙasa ta kai matsayin da albashin ma'aikata ke taruwa wata da watanni ba a biya ba. A watan Janairun 1994 kuma aka karya darajar sefa da rabi. Taya da batir da duk wani ƙarfen injin da ake sayowa daga waje suka ninka kuɗi cikin dare ɗaya, alhali tike ba ya ninkuwa, tunda aljihun fasinja bai ninka ba. Cikin wannan hali ne aka ware aikin birni aka danƙa shi ga SOTRUNI a shekarun 1990. An canza suna, an canza fenti, amma ba a haƙa wa sabon kamfanin rijiyar da zai riƙa sha ba.

Shi kuwa gari bai tsaya jiran kowa ba. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta tarar da mutane sama da miliyan 1 a Yamai, kuma tun daga lokacin unguwanni sai ƙara miƙewa suke, daga Koira Tegi zuwa Niamey 2000, daga Saga zuwa Kirkisoy a ƙetaren kogi. Wanda ba shi da hali, can bakin gari yake samun fili ko ɗakin haya, aiki da kasuwa da asibiti kuwa suna tsakiya. Wani bincike da aka yi gida-gida a 1996 ya nuna mafi yawan zirga-zirgar mutanen Yamai da ƙafa suke yinta. Sauran kuma, in ban da masu abin hawa na kansu, taksi mai jan kai da faba-faba ne suka ɗauke su. Rabon motar bas a ciki bai taka kara ya karya ba.

A yi lissafin abin da wannan ke ci wa ƙaramin ma'aikaci. A 2024 an ɗaga albashi mafi ƙanƙanta zuwa jikka 42. A ce mutum yana zaune nesa, sai ya shiga taksi biyu kafin ya kai wurin aiki, kowace a sefa 200, wato dala 40, in direba ya yarda da wannan farashi ke nan. Zuwa da dawowa sefa 800. Cikin kwanakin aiki 22 ya kashe sefa 17.600, abin da ya haura kashi 40 cikin 100 na albashinsa, bai biya haya ba, bai auno hatsi ba, ɗiyansa ba su tafi lakwal ba. Abin da yake yi a zahiri shi ne ya taka rabin hanya da ƙafa, ya iso a makare a gajiye, ko kuwa ya ci bashi ya sayi babur. Mai shago a Babbar Kasuwa ko a Katako shi ma yana biyan wannan haraji bai sani ba: yaron shagonsa yana makara, kuɗin taksi yana shiga cikin ladan da yake nema, matar da za ta zo sayen atamfa daga Talaje tana lissafin kuɗin mota kafin ta lissafa kuɗin zane, wani lokaci ta fasa zuwa. Rashin bas ba kyauta ba ne. Ana biyansa kullum, sai dai ba a rubuta shi a kasafin kowa ba.

To me ya sa motar bas ba ta ci da kanta, tunda masu buƙata sun yi yawa haka? Nan ne ya kamata a zauna a yi lissafi irin na ƴan kasuwa, ba irin na masu jawabi ba. Babbar motar bas cikin gari, da tsaye-tsayenta da tashe-tashenta, tana shan kimanin lita 40 a kowace kilomita 100. A ce ta yi kilomita 200 a yini: lita 80 ke nan. A farashin sefa 618 da aka tsayar wa gazuwal a watan Yulin 2024, mai kaɗai ya kusa jikka 50. In tike sefa 150 ne, sai fasinja 330 sun biya kafin a fanshi man da aka ƙona. Ba a zo ga albashin direbobi ba, don mutum ɗaya ba ya tuƙi daga asuba zuwa dare, ba a zo ga mai yankan tike ba, ba a zo ga taya da man injin da inshora ba, ba a zo ga gilashin da wani ya fasa ranar zanga-zanga ba. Sama da duka akwai kuɗin da ba a gani: in mota za ta yi shekara 10, to kowace shekara sai an ajiye kashi ɗaya cikin 10 na kuɗinta, in ba haka ba ranar da ta mutu sai a koma bara. Wannan ajiya ce ake fara ci idan hali ya matsa, bayanta kuɗin kayan gyara. Daga nan mota ɗaya ta tsaya, jira a tasha ya ƙaru, fasinja ya gaji ya tare taksi, kuɗin shiga ya ragu, mota ta biyu ta tsaya. Ba a buƙatar ɓarawo ko ɗaya kafin kamfani ya mutu ta wannan hanya, ko da yake in an samu ɓarawon mutuwar takan fi sauri.

Wani zai ce: ai ga Rimbo, ga Al Izza, ga STM, suna tashi kan lokaci, suna sabunta motoci, ba wanda ke ba su tallafi. Gaskiya ne, kuma abin alfahari ne cewa ƴan kasuwar ƙasar nan sun mai da tafiyar Yamai zuwa Maraɗi ko Damagaram abin da ake yi cikin yini guda a kan kujera mai lamba. Amma sana'ar ba ɗaya ba ce. Motar da ta tashi zuwa Damagaram tana fita cike, kowa ya biya kafin ya hau, ta yi kilomita wajen 900 bisa kwalta ba ta tsayawa sai a manyan garuruwa, ta juyo cike. Motar birni da safe tana shigowa gari maƙil, ta koma bakin gari kusan wayam. Da rana tsaka tana yawo da mutane ƙalilan, kuma dole ta yi yawon, don bas ɗin da ba a san lokacinta ba ba wanda zai tsaya jiranta. In da akwai riba a jigilar cikin gari da babbar mota a tike mai sauƙi, da waɗannan alhazai sun riga kowa shiga, ba su jira an roƙe su ba. Rashin shigarsu shi ne shaida mafi ƙarfi. Abin da nasararsu ke nunawa shi ne akwai ƴan ƙasa da suka iya riƙon gareji da direbobi da lissafin tike. Wannan gwaninta ce ya kamata a saya, a biya ta.

Kusan ko'ina cikin duniya, har a ƙasashen da fasinja ke da kuɗi, tike ba ya ɗauke dukan nauyin bas na birni. Hukuma ce ke cika ragowar. Bambancin kawai shi ne wasu suna cikawa da tsari, a rubuce, a kan lokaci, wasu kuwa suna cikawa da alkawari. Cutar da ta ci kamfanonin bas na gwamnati a wannan yanki iri ɗaya ce. Gwamnati ta tsayar da farashin tike ta hana a taɓa shi, don tana tsoron titi. Ta ce masu kaki su hau kyauta, ɗalibai da ma'aikata su hau da rangwame, a ranar taron siyasa ko saukar baƙo a kwashe motoci daga layi a kai masu tarba. Ta ce za ta biya diyya, diyyar kuma ta zo a makare, ko ta zo rabi, ko ta tsaya a takarda. SOTRAC ta Dakar ta rufe a 1998. A Wagadugu an yi X9, an yi SOTRAO, sai a 2003 aka sake kafa SOTRACO. Rangwame ga ɗalibi ko ga tsoho ba laifi ba ne, alheri ne. Laifin shi ne a yi alheri da aljihun wani. Wanda ya ci ladan kuturu shi ke yi masa aski: hukumar da ta karɓi tafi don ta sauƙaƙa tike, ita ya kamata ta ciro kuɗin daga kasafinta, ma'aikatar ilimi ta biya na ɗalibai, ta tsaro ta biya na masu kaki, kowa da layinsa a rubuce.

Ba a wanke kamfanonin gwamnati tas ba. Bayan Taron Ƙasa na 1991, da aka shiga zamanin ƙawancen jam'iyyu, kowa ya ga yadda kujerun shugabancin kamfanoni suka zama rabon ganima, darakta ya zo da mutanensa, ya tafi ya bar su, na bayansa ya zo da nasa. Kamfanin da motocinsa ke raguwa ma'aikatan biro suna ƙaruwa ba tallafi yake buƙata da farko ba. Haka nan tike da ake sayarwa sau biyu da gazuwal da ke bin jarka da dare ba su da magani a baitulmali. Mai biyan lanho yana da gaskiya in ya ƙi a zuba kuɗinsa cikin tulu mai huda.

Don haka gyaran yana farawa ne daga raba mai saye da mai sayarwa. A yau hukuma ita ce mai kamfani, ita ce mai tsayar da farashi, ita ce mai bin bashi, ita ce kuma wadda ake bi, shi ya sa ba wanda ke iya kama wani da laifi. Kamata ya yi a samu ƙaramar hukuma ta birni, ba mai motoci ba, wadda aikinta shi ne ta zana layuka, ta tsayar da lokuta da farashi, ta ba da kwangila, ta auna aiki, ta biya. Dakar ta kafa irinta, CETUD, tun 1997, Legas ta kafa LAMATA a farkon shekarun 2000. Mai motoci kuwa, SOTRUNI ce ko wani ɗan kasuwa, a biya shi bisa kilomitar da motarsa ta yi a kan layi, a lokacin da aka yi alkawari. Mota ta fito an biya, ba ta fito ba an yanke. Kuɗin tike ya shiga asusun hukumar, abin da ya rage asusun ya cika. A da ana iya cewa wa zai ƙirga kilomita. Yanzu ƴar na'urar da ke nuna inda mota take ba ta kai kuɗin taya guda ba, kuma mutanen da ke tura kuɗi ta wayar salula kullum ba za su kasa biyan tike da ita ba. Cikin kwangilar nan ne za a rubuta cewa in gazuwal ya tashi, kamar yadda ya tashi daga sefa 538 zuwa 668 a watan Agustan 2022, kuɗin kilomita zai bi shi ba sai an je an durƙusa a ofishin minista ba. A ciki ne kuma za a rubuta cewa wanda ya sayar da motoci zai ajiye kayan gyara a Yamai ya horar da makanikai, kuma ba za a tara iri biyar daga ƙasashe biyar a gareji guda ba don kawai kowace ta zo a matsayin kyauta. Kyautar motar da ba a samun kayanta a kasuwa bashi ce.

Saura babbar magana: ina asusun zai samu kuɗi? In an ce daga kasafin ƙasa kowace shekara, to an koma gidan jiya, don ranar da baitulmali ya ƙafe, albashi da tsaro ne a gaba, kuma ba mai cewa ba daidai ba ne. Ana buƙatar mashigar kuɗi ta dindindin, ƙarama, wadda ba ta jiran sa hannun kowa. Ƙasar nan ta riga ta san wannan dabara, tunda gyaran hanyoyi yana da asusunsa, CAFER a da, FER daga baya, wanda ke ci daga kuɗin mai da kuɗin shingen hanya. Abin da aka yarda a yi wa kwalta ana iya yi wa mutanen da ke bisa kwaltar. A ce dala ɗaya, sefa 5, a kan kowace litar da aka sayar a gidajen mai na cikin birni. Kowace lita miliyan 1 ta ba da sefa miliyan 5. Mai babur da ke shan lita 30 a wata zai biya sefa 150, mai mota da ke shan lita 100 zai biya 500, kuɗin da bai kai na shayi da burodin kwana biyu ba. Shi kuma abin da zai samu shi ne titi mai sauƙi, don bas guda cike tana ɗauke abin da taksi 15 za su ɗauka. Sai a ƙara da kuɗin ajiye mota a kewayen manyan kasuwanni, wanda a yanzu ma ana biyansa amma ba ya isa ma'aikatar magajin gari yadda ya kamata, da kuɗin tallace-tallace a jikin motoci da rumfunan jira.

Akwai kuma hanyar da Faransa ta bi tun 1971, inda aka ɗora wa masu ɗaukar ma'aikata a yankin Paris wani ɗan kaso bisa jimillar albashin da suke biya, daga baya aka kai shi sauran birane. Hujjar ita ce bas tana kawo musu ma'aikata bakin ƙofa. A nan ba za a kwafe ta yadda take ba, don masu biyan albashi a rubuce kaɗan ne, kuma babbansu ita ce gwamnati da kanta. Amma bankuna da kamfanonin waya da na mai da na ma'adinai da manyan ƙungiyoyi masu ofisoshi a Plateau suna iya ɗaukar kaso kaɗan ba su ji a jikinsu ba. Ga ma'aikacin gwamnati kuma, katin wata da zai saya da son ransa, a cire daga albashi, ma'aikatarsa ta biya rabi, ya fi masa wani ƙarin alawus da taksi za ta cinye kafin goma ga wata.

Ƴan kasuwa za su ce lanho ya riga ya yi musu yawa, ga fatanti, ga duwan, ga tsadar hanya tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina. Kukansu na gaskiya ne, shi ya sa ba a ce a ƙara komi a kan kaya ba. Amma akwai wani ƙorafi da ya fi wannan nauyi, wanda ba a cika jinsa ba don masu shi ba su da jarida: don me manomin Tanut ko makiyayin Abalak, wanda bai taɓa ganin kwalta a ƙofar gidansa ba, zai biya wa mutumin Yamai kuɗin mota? Amsa ita ce bai kamata ya biya ba. Shi ya sa ya dace kuɗin ya fito daga cikin birnin da zai amfana, daga mai da ajiye mota da manyan ofisoshin da ke cikinsa, kowane gari da asusunsa. Abin da aka tara a Maraɗi ya tsaya a Maraɗi. Kuma ya shiga asusun kai tsaye, don kuɗin da ya ratsa ta baitulmali yakan manta hanyar fita.

Masu faba-faba da taksi ba abokan gaba ba ne, ko da yake duk wani shiri da aka zana a biro yakan ɗauke su haka. Su suka ɗauki gari shekarun da hukuma ta yi barci. Sun san inda mutane suke da lokacin da suke fita fiye da kowane ƙwararre. Aibinsu sananne ne: mota ba ta tashi sai ta cika, ana yanka layi biyu a karɓi kuɗi biyu, motoci sun tsufa, direba yana tsere don ya cika kuɗin mai mota kafin ya nemi nasa. Dakar ta gwada wata hanya daga 2005. Aka ce masu tsofaffin motoci su haɗu ƙungiya-ƙungiya, su miƙa tsohuwa a ba su wani abu, su zuba kaso, a ba su sabbin ƙananan bas ƙirar Tata da ake haɗawa a Thiès, su biya sannu a hankali cikin shekaru. Sharaɗin shi ne layi tsayayye, tasha tsayayya, tike a hannu. Tsarin bai rasa matsaloli ba, motocin suna cika fiye da kima, amma bashin an riƙa biyansa, kuma masu motocin sun zama ƴan gida maimakon ƴan tawaye. Ga unguwannin Yamai da yashi da ruwan damina ke hana babbar mota shiga, wannan ya fi dacewa da sayo dogayen bas da za su tsaya inda kwalta ta tsaya. Manya su riƙe ƴan manyan layuka, uku ko huɗu, mota na bin mota ba a jira, ƙanana su kawo musu mutane. Layi uku da ake iya dogara da su sun fi goma sha biyar da ke kan taswira kawai.

Maraɗi da Damagaram da Tawa kada su ce wannan zancen mutanen Yamai ne, kada kuma su kwaikwayi Yamai ido rufe. A waɗannan garuruwa kabu-kabu da adaidaita sahu ne ke ɗauke da jama'a, kuma dubban samari daga nan suke ci. Sana'ar ta ginu ne bisa man ruwa-ruwa mai araha da ke tsallako iyaka, kuma tun da Najeriya ta cire tallafin mai a watan Mayun 2023 wannan araha ta kau, fasinja ne ya ji a jikinsa. Hana babur da doka ba ya haifar da bas. Kano ta hana acaɓa ɗaukar fasinja a watan Janairun 2013, kuma adaidaita sahu ce ta cike gurbin. Abin da garuruwan nan ke buƙata kaɗan ne kuma sananne: ƙananan bas a kan layukan da babur ke yi wa tsada ko haɗari, zuwa jami'a, zuwa babban asibiti, tsakanin Maraɗi da Tibiri, tsakanin Damagaram da Mirya, da ƙarin motoci a ranakun kasuwa, Litinin da Juma'a a Maraɗi, Alhamis a Damagaram, Lahadi a Tawa. Mace mai ciki ko tsoho mai ciwo da ake ɗorawa bayan babur zuwa asibiti ba zaɓi suka yi ba. Alhazan Maraɗi da suka iya kai kaya har teku ba za su kasa riƙe layi biyu ba, in an ba su kwangilar da suka tabbata za a biya.

Kuɗi dai an kashe su a kan sufurin Yamai, kada a ce ba a kashe ba. Bayan gadar Kennedy ta 1970 an yi ta biyu a 2011, ta uku a 2021, an yi gadojin sama na Mali Bero da Diori Hamani, an shimfiɗa tituna gab da taron Tarayyar Afirka na 2019. An ma shimfiɗa layin dogo har Doso wanda bai taɓa zama hanyar jigilar yau da kullum ba. Duk waɗannan, in ban da dogon, mai mota suka fi yi wa amfani. Ba a ware wa bas ko da layi guda na fenti ba a inda cunkoso ya fi tsanani, alhali motar da ta tsaya a cunkoso tana ƙona mai ba ta tara kilomita, kuma rage mata lokacin zagaye tamkar ƙarin mota ne ba tare da an saya ba. Dakar ta kai ga hanyar bas ta musamman mai motocin lantarki a 2024, amma ta kai can ne bayan sama da shekara 25 da kafa hukumarta. Wanda ke son ya fara daga inda suka ƙare, hoto yake nema.

Sauran abu guda shi ne ido. Tun da aka rusa majalisun garuruwa a watan Afrilun 2024 aka naɗa kantomomi, babu kansilan da zai tashi a zaman kasafi ya tambayi inda dalar mai ta shiga. Wannan ya ƙara wajabta a gina idon cikin asusun kansa. A majalisar da ke kula da shi a ba ƴan sandikan ma'aikata kujera, a ba majalisar ƴan kasuwa, a ba masu motoci, a ba ƙungiyar ɗalibai da ta masu saye, kuma a ɗauki shugabansa ta hanyar gasa da wa'adi, ba ta hanyar waya daga sama ba. Kowane wata uku a liƙa a tashoshi, a karanta a rediyo da Hausa da Zabarmanci: nawa aka tara, motoci nawa suka fito kowace safiya, kilomita nawa aka biya, wace ma'aikata ce ba ta biya kuɗin rangwamenta ba. In shekara biyu suka wuce ba a ga motocin a kan layi ba, dokar da ta ɗora dalar ta ce ta faɗi da kanta.

Ba da jimawa ba wani zai sake zuwa da takardar sayen motoci, daga Sin ko Indiya ko Turkiyya, da bashi mai sauƙi da hoto mai kyau. Kafin a sa hannu, sandikan ma'aikata da majalisar ƴan kasuwa suna da haƙƙin su nemi a ajiye musu takardu uku bisa tebur: kwangilar da ta faɗi nawa za a biya kowace kilomita, dokar da ta faɗi inda kuɗin zai fito shekara 10 masu zuwa, da sunan gidan da zai ajiye kayan gyara a Yamai tare da farashinsu.